Igiyar da Inna Ta Ɗaura

An kai ni gidan miji a wani ƙauye da ke bakin gulbi, yamma da Gidan Rumji, ana saura kaɗan ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Ni 'yar tudu ce, daga wajen Cadawa, inda ba mu san wani ruwa ba sai na rijiya da na tabki. Ranar da na fara ganin gulbin da rani dariya na yi, don yashi ne kawai shimfiɗe, yara na tsalle a ciki, mata na tona shi suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. Maigidana ya ce in bari damina ta sauka tukuna.

Gidansu gidan fito ne. In gulbi ya kawo, su ne ke ƙetarar da mutane da kayansu. Ba su da jirgi, manyan goruna ne gare su. Mai ƙetarewa ya rungumi gora, ɗan fito yana iyo a gefensa yana tura shi, kaya kuma a zuba cikin masaki a tura gaba. Surukina, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ne babba a sana'ar, maigidana kuwa ɗan farinsa ne kuma hannun damansa. Da rani manoma ne kamar kowa, masu gero da gyaɗa.

Surukata, Inna, asalin iyayenta masu kiwo ne da suka zauna suka kama noma, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari fiye da duk macen da na sani. Tun maigidana yana jariri aka ba kakarsa shi. Ba ta kiran sunansa. Akwai wani maƙwabcinmu mai suna irin nasa, shi ma sai ta laƙaba masa wani. In maigidana ya durƙusa a ƙofar ɗakinta da safe, takan amsa gaisuwar fuskarta na kallon bango. In tana son a gaya masa wani abu, ni take gaya wa. "Yarinya, ki ce wa mutanen ɗakinki rumbu na yoyo." Amma in ta yi miya, tsokar da ta fi kyau a kwanonsa take ƙarewa, sai ta turo mini ba tare da ta ce na wane ne ba.

Shi abin dariya yake ba shi. Ya taɓa ce mini, "Kin ga duk tsawon raina Inna ba ta taɓa ce mini yi kaza ba. Ran da ta sa ni aiki da bakinta, ko dutse ta ce in ɗauko zan ɗauko."

Daminar da aka samu 'yancin kai ina da ciki. A kwanakin nan mutane sun yi ta zirga-zirga zuwa Gidan Rumji, ana kiɗe-kiɗe da taruka, sai aka aiko a kira Baba ya tafi babbar mashiga ta can sama, inda manya da jandarmomi, wato jami'an tsaro, ke ƙetarewa. Ya tafi tun da safe, ya bar wa ɗansa mashigar ƙauyenmu. A garinmu ko ɗigo ba a yi ba ranar, rana ce ƙwal. Amma gulbin nan ba ruwan garinmu yake ɗauka ba. Daga kudu yake zuwa, daga ƙetaren iyaka, kuma sai a yi ruwa can mai yawa mu ba mu sani ba.

Ina cikin tankaɗe da hantsi na ji wata ƙara kamar iska ta shiga gonar dawa, sai ihu ya biyo baya. Muka fita da gudu. Gulbin da safiyar nan bai wuce gwiwa ba ya cika ya tumbatsa, ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa da jinkar ɗaki da mushen akuya. A tsakiyarsa akwai wata tsohuwar kanya da ta tsiro kan tsibirin yashi. Tsibirin ya nutse, kuma a kan reshen kanyar ga wata Bafulatana mai tallar nono. Tana tsakiyar ƙetarewa da ƙafa ruwan ya riske ta, ta yar da ƙwaryarta ta hau itace. Muna ganin bakinta na motsi, amma ba ma jin abin da take faɗa.

Maigidana ya iso da goransa a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi ruwan, ya jefa kara ya ga inda ya bi. Ya ce wa samarin da ke wurin wasu su gangara ƙasa da dogayen sanduna su jira shi. Ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini. Yana shirin haurawa sama don ya shiga daga can, sai mutane suka dare, ga Inna tafe, ba mayafi, igiyar gugarta a hannu.

Ta zo har gabansa ta tsaya. Ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba sai ranar.

"Ba ka shiga ruwan nan haka," in ji ta. "Tsaya in ɗaura maka."

Wurin ya yi tsit, don kowa ya san yadda suke. Ya buɗe baki kamar zai yi magana. Na ga ya dubi igiyar, ya dubi ruwan, ya sake dubanta.

"Inna, ki ba ni a hannu in riƙe."

"Hannu yana saki. Ɗaga hannuwanka."

Ya ɗaga. Ta zagaya ƙugunsa da igiyar, ta yi mata ƙulli irin wanda ake yi wa guga, wanda nauyi ke ƙara wa ƙarfi. Ta ja ta gwada. Kafin ta janye hannunta sai ta dafa bayansa, sau ɗaya. Ya yi murmushi, kansa a sunkuye. Aka ƙulla wata igiyar a kan tata don ta yi tsawo, maza suka jeru suka kama bakinta. Ni a lokacin daɗi na ji. Na ce a raina ko mene ne ya faru, ai yana hannunmu.

Ya shiga daga sama, ƙirjinsa a kan gora, ruwa na ɗauke da shi a karkace zuwa wajen kanyar. Ya yi fiye da rabin hanya sai igiyar ta ƙare, ta miƙe tsam. Ruwan ya fizge goran daga ƙarƙashinsa. Ya kasa gaba, ya kasa bin ruwa, ya tsaya cak a tsakiyar gudun, ruwan na hawa ta kansa. Na ga hannunsa ya koma ƙugu yana lalube.

"Ku ja! Ku ja!" Haka kowa ke ihu, har da ni.

Suka ja da iyakar ƙarfinsu. Duk jan da suka yi sai ya ƙara nutsewa. Ya ɗago sau ɗaya, sai wani kututture da ruwa ya kawo ya hau kan igiyar ya danne ta. Daga nan ba mu sake ganin kansa ba. Igiyar dai tana nan a miƙe tana rawa a hannun mutane. Sai da wani dattijo ya ce su bi gaɓa su gangara da ita, sannan ruwan ya karkato da shi zuwa bakin gaɓa aka kamo shi. Suka kwantar da shi, suka danna cikinsa, suka juya shi. Ruwa ya fito, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Ban tuna kukan da na yi ba. Abin da na tuna shi ne rigarsa tana hannuna ban san inda zan ajiye ta ba.

Wani ya riga ya tafi a kan doki ya kira Baba. Ya iso rana ta karkata. An rufe gawar da zane, ya durƙusa ya yaye, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai idonsa ya sauka kan ƙugun. Igiyar na nan, don ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, ta yanki fatar har ta yi jini.

"Wa ya ɗaura masa wagga igiya?"

Muryarsa ta sa mazan da ke wurin suka sunkuyar da kai.

"Ni ce," in ji Inna daga bayan mutane. Tana zaune a ƙasa, idanunta a bushe. "Ni na ɗaura masa. Da ban ɗaura ba, da ruwa ya tahi da shi ko gawarsa ba mu gani ba."

Baba ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zaro wuƙa ya yanke ƙullin, ya mayar da zanen.

"Haka ne," ya ce. "Ga shi mun same shi."

Ya miƙe ya tambayi ko matar tana nan kan itacen. Aka ce tana nan. Ya ɗauki wani gora, ya haura sama sosai, ya shiga, ba igiya a jikinsa. Ruwa ya kai shi bayan kanyar, inda gudun ke lafawa. Ya lallashe ta ta sauko ta rungumi goran, suka bi ruwa a karkace har can ƙasa, inda samari suka miƙa musu sanda. Da ya fito ya wuce gida a yi wa ɗansa wanka. Kafin magariba an rufe shi.

Na shiga takaba a ɗakin Inna. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ko a mutuwa kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba. Masu zuwa gaisuwa sai ta ce musu, "Alhamdu lillahi, an same shi, an yi masa sutura, ga kabarinsa nan muna gani." Su kuma su ce haka ne, Allah ya jiƙansa. Bafulatanar ta zo ran sadakar bakwai da ƙwaryar nono da man shanu, ta zauna a bakin ƙofa tana kuka. Inna ce ta riƙa ba ta haƙuri.

Bayan an yi girbi na haifi 'ya mace. Wannan kam ba ruwanta da kunya. Inna ta ɗauke ta kamar za ta haɗiye ta, tana goya ta, tana yi mata waƙa, tana kiranta kishiyarta. Aka ce in zauna gidan har in yaye, na zauna.

Da damina ta zagayo, wata rana na tafi wanki can ƙasa da mashiga, inda gulbi ya yi kwana, nesa da gidaje. Sai na tarar da Baba ya tara samarin ƙauyen a bakin ruwa yana koya musu. A da a mashiga yake yin haka, kusa da gida, inda kowa ke ji. Na raɓe bayan wata sabara don kada in ratsa su. Yana ce musu kada kowa ya faɗa ruwa don ya ji ihu. A fara yi wa mutum magana, a miƙa masa sanda, a jefa masa igiya ko gora, shiga ita ce ta ƙarshe. Ya ce kafin kowa ya shiga a tsayar da mutane can ƙasa. In ruwa ya ɗauke ka, ka kwanta rigingine, ƙafafunka a gaba, kada ka yi ƙoƙarin tsayawa, don ƙafa na maƙalewa a saiwa ruwa ya kife ka. Wanda ke nutsewa kuma ta baya ake zuwa masa.

Sai ya ɗaga igiya. "Wagga kuwa a hannu ake riƙe ta. Kada wanda ya kuskura ya ɗaura ta a jikinsa, ko ya bari a ɗaura masa, ko wane ne ya ce. In ta miƙe, ruwa danne ka zai yi, masu ja suna ƙara nutsar da kai su a ganinsu ceto suke. Abin da ke hannunka kana iya saki. Abin da ke ƙugunka ba ka iyawa."

Na zauna a kan kayan wankin. Da samarin suka watse ya juyo ya gan ni. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, suruki ne. Amma ranar ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, yana kallon ruwa.

"Kin ji, ɗiyata?"

"Na ji, Baba."

"Allah ya riga ya rubuta kwanansa. Ita ba ta sani ba, kuma abin da ta riƙe ke nan take iya cin tuwo. Ki bar mata."

Na ce to. Ashe duk mazan ƙauyen sun sani, da yawan matan ma, kowa ya kama bakinsa. Na koma gida na tarar da ita tana yi wa 'yata wasa. Na yi shekara ina kwana ɗaki ɗaya da ita da wannan magana a cikina. Wani lokaci in ji haushinta har in kasa dubanta, wani lokaci in ji kamar in rungume ta. Ko ɗaya ban yi ba.

Damina ta gaba, ana dab da yaye, gulbi ya sake kawowa da rana tsaka. Wannan karon wani manomi ne mai dawowa daga gonarsa ta ƙetare ruwa ya share, ya samu ya kama wasu rassa da suka tokare a tsakiya, ruwa har wuyansa. Baba na gari. Ya rarraba mutane, wasu a sama su riƙa duba itatuwan da ruwa ke kawowa, wasu a ƙasa da sanduna. Aka jefa igiya ba ta kai ba. Shi kuma ƙarfinsa ya fara ja baya tun rasuwar ɗansa, sai ya zaɓi wani saurayi cikin waɗanda ya koyar, ɗan maƙwabtanmu, ya ce ya shiga.

Yaron ya tuɓe ke nan sai ga Inna, da sabuwar igiyar gugarta. Ta nufi yaron kai tsaye.

"Zo nan, ɗan nan. Ɗaga hannuwanka."

Yaron ya dubi Baba. Duk wanda ke wurin ya dubi Baba. Ya tako ya shiga tsakaninsu, ya miƙa hannu.

"Kawo nan."

"Bari in ɗaura masa tukuna."

"Ba a ɗaura masa. Kawo, jefawa za a yi."

"Don mi? In ruwa ya tahi da shi, mi za ku ce wa uwarsa?"

Baba ya zare igiyar daga hannunta a hankali, ya naɗe ta a gwiwar hannunsa, ya ce wa yaron ya tafi. Yaron ya shiga daga sama da gora, ya zagayo ta bayan manomin, ya tura masa goran ya kama, shi kuma ya riƙe shi ta baya, suka saki rassan. Ruwa ya ɗauko su a kwance, ƙafafu a gaba. Da suka zo daidai da mu Baba ya jefa igiyar ta faɗi a ƙirjin yaron, ya kama da hannu ɗaya. Ta miƙe, ta fara karkato su wajen gaɓa. Sai gudun ya fi ƙarfi, ruwa ya hau fuskar yaron ya rufe shi, kamar yadda na taɓa gani. Nan take ya buɗe hannunsa. Igiyar ta dawo fayau, kansa ya ɓullo.

"Ya saki!" Inna ta ƙwalla ƙara. "Wayyo, ya saki!"

Wasu suka fara gudu suna ihu. Baba ya ɗaga murya don masu sanduna su ji. "Ku bar shi! Don ya saki aka ba shi a hannu! Ku tare can ƙasa!"

Can ƙasa aka miƙa musu sanda, aka jawo su su biyun, suna tari suna amayar da ruwa, da ransu. Gari ya ɗauki kabbara da guɗa. Na juyo na dubi Inna. Ba yaron take kallo ba, igiyar take kallo, tana kwance a laka. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juya ta nufi gida, ba ta ɗauke ta ba.

Da la'asar na same ta zaune a bayan ɗaki, ta baza ganyen rama a faifai, amma ba ta tsinke ko ɗaya ba. Na zauna na ja faifan na fara tsinka.

"Yarinya."

"Na'am, Inna."

"Ke ma kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Gari duk sun sani ke nan."

Na ci gaba da tsinka. Ta gyaɗa kai. Kaji na ta tsattsagar ganyen da ya zuba ba ta kore su ba. Can ta sake magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Shi fa? Ya sani?"

Na so in ce mata bai sani ba. Amma an yi mata shiru har damina biyu, kuma ga inda shirun ya kusa kai ɗan mutane.

"Ɗan fito ne, Inna."

"To don mi ya tsaya na ɗaura masa?"

Ta rufe fuskarta da gefen zanenta, kafaɗunta na girgiza. Wannan ne kukan farko da na ga ta yi masa. Na matsa na riƙe ƙafarta, muka yi tare, har 'yata ta farka ta fito tana nemanmu.

Baba ya dawo da magariba ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi sallama. Ta amsa. Ta kai masa tuwonsa kamar kullum, ya ci. Ban taɓa jin sun tayar da maganar ba, kuma ban san abin da suka faɗa wa juna a bayan idona ba. Abin da na gani shi ne daga ranar ta daina cewa masu zuwa gaisuwa an same shi. In an yi zancensa sai ta ce Allah ya jiƙansa, ta tashi ta shiga ɗaki.

Da kaka ta yi aka yaye yarinyar. Dangin uba ke da ita, kuma ko ba haka ba ban ga yadda zan raba ta da tsohuwar nan ba. Yayana ya zo da jaki ya ɗauki kayana. Inna ta raka ni har bayan gari, jikarta a goye, ta ba ni ƙullin daddawa da kuka, ta ce in yafe mata. Na ce ba ta yi mini komai ba. Ta ce in dai yafe. Na ce na yafe.

Na sake aure a Cadawa, na haifi wasu 'ya'yan. Nakan je ganin Inna da 'yata ta fari da rani, in hanya ta yi kyau. Baba bai daɗe ba ya rasu, fito ya koma hannun samarin da ya koyar. Inna ta rayu har ta aurar da jikarta da hannunta, ta kuma ga ɗan jikar na fari. Ba ta daɗe bayan sunan ba ta kwanta ciwo. Saƙo ya iso mini a makare, ranar kasuwa, na shiga motar gyaɗa zuwa Maraɗi, daga can na samu wata. Ko da na isa an riga an dawo daga maƙabarta.